Tsohuwar Lambar Gidan Kawu Mode

Kawu Mode mahauci ne ɗan mahauta. A Ƙofar Marke aka haife shi, a nan ya tsufa, kuma daga gidan da aka yanke masa cibiya aka ɗauki gawarsa. Shekara arba'in da wani abu yana da teburin nama a kasuwa, ba a taɓa dawo masa da tsoka ɗaya an ce ta yi wari ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, manunin hannunsa na hagu ba ya lanƙwasuwa tun wani yanka da ya yi yana saurayi. Magana ba ta dame shi ba. In ya zauna a zaure da la'asar, ba ka jin komai sai ƙarar wuƙa a kan dutsen washi, ko muryar mai tafsiri tana fita daga wayar da ke kan gwiwarsa. Bai yi boko ba, amma yana karanta ajami yana rubutawa, kuma lamba ba ta ɓace masa ko da wane irin rubutu aka yi ta.

Cikin 'ya'ya shida da Inna Saudatu ta haifa masa, biyu Allah ya bar musu: Gazali, ɗan fari, da Wasila, auta. Duk wanda ya san gidan ya san Kawu bai taɓa kiran sunan Gazali da bakinsa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, shi kuwa ya riƙe ta da hannu biyu. “Yaron nan” yake cewa, ko “wancan”, in kuma yana kusa ya ce “kai”. Amma shi ya ɗora masa wuƙa a hannu tun yana shekara tara, shi ya nuna masa inda ake bi tsakanin fata da nama. In Gazali ya feɗe sa da kyau, Kawu zai ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya juya ta, ya ce, “Ba huda,” ya wuce. Wannan shi ne iyakar yabon da Gazali ya taɓa samu, kuma ya san yabo ne.

Gazali ne ya kawo rauta, wato na'urar waifai, gidan, a shekarar da annobar korona ta sa aka rurrufe kasuwanni. Ya fara tura wa masu saye hoton nama da na raguna ta waya, suna zaɓa yana kai musu har gida. Rautar wani ɗan farin akwati ne mai kunnuwa biyu, da layin waya a cikinsa. Ya gwada shi ɗaki ɗaki, sabis bai zauna ba sai a zaure, a kan wata 'yar kanta kusa da tagar da ke duban titi.

Kawu ya dubi fitilun da ke ƙyaftawa, ya ce, “Mi wanga abu ka ci?”

“Wuta kaɗan da data, Baba.”

“To aje shi nesa da wuƙaƙena.”

A ranar Gazali ya zaunar da Wasila, lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare, ya nuna mata manhajar da ake duba akwatin da ita. Akwai wani shafi a ciki da ke jera duk wayar da ta hau waifai ɗin gidan, da lokacin da ta hau, da lokacin da ta sauka. Don kada a rikice, ya bi wayoyin gida ya sa musu suna. Ta Kawu ya rubuta “Baba”, ta Inna “Inna”, ta ƙanwarsa “Auta”. Da ya zo kan tasa sai ya yi murmushi ya rubuta “Ɗan Mode”.

Wasila ta ce, “Yaya, in Baba ya gani?”

“Baba bai karatun boko. Kuma ƙarya nay yi?”

Bayan babbar sallar shekarar da ta biyo ne abin ya faru. An sauke shanu daga mota a mahauta, wata saniya da Kawu ya saya ta faɗi, ta kasa tashi. Kawu bai iso ba, ciwon ƙafa ya riƙe shi a gida. Gazali ya ga za ta tafi, ya yi bisimilla ya sa mata wuƙa. Kafin Kawu ya iso magana ta zaga wurin, wani ya ce saniyar ta riga ta cika kafin wuƙa ta taɓa ta, ɗan Mode zai sayar wa Musulmi mushe. Kawu ya tarar an feɗe, an rataye cinya. Ya tsaya a gaban ɗansa, mutane sun kewaye su.

“Ta motsa?”

“Ta motsa, Baba. Ta harba ƙafa, jini ya yi tsartuwa.”

“Wa yag gani?”

“Ni nag gani.”

“Ban da kai.”

Ba wanda ya fito ya ce ya gani. Bafulatanin da ya riƙe ƙafar saniyar ya riga ya bi motar da ta kawo su ya koma. Kawu ya sa aka sauke naman duka, aka ja shi bayan gari aka binne. Da abin ya tsaya nan, da ba mu da labarin da za mu bayar. Amma Gazali, da zafin ƙuruciya da kunyar idon jama'a, ya ce, “Baba, ni za ka ƙaryata ka gaskata 'yan hassada?” Kawu bai taɓa jin ɗansa ya mayar masa da magana ba. Ya ce, “Wallahi ba ka ƙara taka zaurena.” A gaban mutum fiye da talatin ya faɗe ta.

Gazali bai ko koma ɗaukar kayansa ba. Wasila ce ta ƙulle su a jaka, Baba Lawwali, abokin Kawu tun suna yara kuma maƙwabcin teburinsa, ya kai masa unguwar Minanata, inda ya samu ɗaki wajen wani aboki.

Wata biyu bayan haka Bafulatanin ya sake kawo shanu. Baba Lawwali ya tare shi da tambaya, mutumin ya ɗage wando ya nuna tabon kofato a ƙaurinsa, ya ce saniyar nan da ranta aka yanka ta, ga shaidarta nan a jikinsa. Baba Lawwali ya jawo shi har gaban Kawu ya maimaita. Kawu ya daɗe yana duban tabon. Ya ce, “Allah shi saka da alheri,” ya koma kan yankan namansa. Baba Lawwali ya ce, “Mode, in tahi in zo da yaron?” Kawu bai ɗago ba, ya ce, “Bar shi. Ya san hanyar gida.”

Washegari da hantsi Kawu ya sa aka dafa shinkafa da nama mai yawa, ya ɗauki ƙullin da kansa ya fita, bai ce wa kowa ga inda za shi ba. Sai daga baya aka san bakin Hubbare ya je, ya bi tsofaffi da makafin da ke zama a wurin ya ciyar da mutum goma. Kaffarar rantsuwa ce. Ya warware ta tsakaninsa da Ubangijinsa, ya dawo gida ya wanke hannu, ko Inna bai gaya wa ba. A ganinsa ya yi nasa. Uba ba ya aika wa ɗa da ban haƙuri. Ɗa ne zai zo ya yi sallama, uba ya amsa, a wuce wurin kamar ba a yi ba.

Wata Asabar Wasila ta ga data na saurin ƙarewa, ta buɗe manhajar don ta ga su wa ke hawa. Tana jan jerin da yatsa sai ta tsaya. Ta sake dubawa. Ta nufi zaure, ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmar Kawu.

“Baba, in nuna maka wani abu?”

“Ina jin ki.”

“Wanga akwati shina rubuta duk wayar da ta matso gidan nan ta hau. Jiya, uku saura kwata, wayar Yaya ta hau. Uku da minti biyar ta sauka.”

Kawu ya ajiye wuƙa. “Daga Minanata?”

“Ba ta kaiwa, Baba. Sai mutum na kusa.”

Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska. Ta nuna masa layin. Ya ce, “Mi anka rubuta nan?” Ta sunkuyar da kai, sannan ta faɗa masa a hankali. Ya daɗe yana kallon kalmomin biyu, har ya haddace surarsu kamar yadda yake gane tambarin da aka ɗora wa sa a cinya.

Da la'asar ɗin nan ya ce ta biyo shi da waya. Suka fita ƙofar gida yana ƙirga taki, ita tana duba alamar waifai. Ta gabas alamar ta ɓace a bakin kwata. Ta yamma ta kai har turken wutar lantarki da ke kwanar lungu, inda inuwar wata darbejiya ke faɗowa, inda kuma wanda ke zaure ba ya hango mutum. Taki ashirin ne cif daga bakin zaure. Kawu ya tsaya a gindin turken, ya dubi ƙasa, ya dubi tagar zaurensa, ya juya gida.

“Kada ki gaya mishi muna gani,” ya ce. “In ya sani kunya za ta hana shi zuwa.”

Tun daga ranar Juma'a ta zama wata aba daban a gidan. Kawu ya daina tsayawa gaisawa a bakin masallaci. Ana sallamewa zai kamo hanya, ya shigo zaure, ya zauna da rigarsa ta Juma'a ba tare da ya tuɓe ba. Wasila ta sa masa manhajar a wayarsa, ta koya masa wurare uku da zai taɓa. Sai ya ɗora wayar a gwiwa yana jira. Wajen uku saura, sunan zai fito. Kawu zai gyara zama, ya gyara hula, ya kasa kunne ga ƙofa. Minti goma sha biyar, wani lokaci ashirin, ranar da ta fi tsawo minti arba'in da ɗaya. Daga nan sunan ya sauka. Sai ya jawo wani ɗan littafi daga aljihun gaba, ya rubuta kwanan wata da lokaci da ajami, ya mayar. Har ƙaramin batir ya sayo wa akwatin don kada ɗaukewar wuta ta kashe shi.

Inna Saudatu, wadda ita ma ba ta kiran sunan, takan tsaya a bayan labulen da ke tsakanin zaure da tsakar gida, hannunta riƙe da kwanon abincin da ta zuba ta rufe ko da za a shigo. Wata Juma'a haƙurinta ya ƙare.

“Malam, taki ashirin ne fa.”

“Shi ma taki ashirin ne.”

“Kai ne babba.”

“Shi ya sa.”

Ta koma ciki da kwanonta. Kawu ya bi labulen da kallo. Ba wai zuciyarsa ba ta tashi ba. Sau biyu ya miƙe har ya sa takalmi ɗaya. Abin da ke mayar da shi zaune shi ne tunanin ya leƙa, yaron ya gan shi ya juya da sauri, Juma'a mai zuwa kuma shafin ya zama wayam. Wannan minti ashirin ɗin da yake da su a hannu, yana tsoron ya miƙa hannu neman ƙari ya rasa su. Kullum sai ya ce wa ransa mako mai zuwa zai yi sallama, ai ga shi kullum yana ƙara daɗewa.

Haka aka yi Juma'a talatin da bakwai.

Akwatin yana da wani hali da Wasila ta taɓa gaya masa: layi kaɗan yake iya riƙewa, in sababbi suka shigo sai tsofaffi su zube ta ƙasa. Ita kuwa lambar sirrin hawa waifai ɗin gidan ta daɗe da zaga unguwa. Wani ya ba wani, wani ya ba abokinsa, har samarin lungu suka mayar da dakalin maƙwabta wurin zama. Shafin ya cika da baƙin wayoyi masu sunaye kamar lambar mota. Kawu bai damu da datar da suke sha ba, shi da ke ba maƙwabta romo kyauta. Abin da ya dame shi, suna ture masa layi ɗaya tilo da yake nema.

A farkon daminar nan kakar Wasila ta wajen uwa ta kwanta ciwo a Wurno, Wasila ta tafi jinya. A makon kuma aka yi wa Kawu rasuwar wani ɗan'uwa a Kware, dole ya tafi ranar Alhamis, bai dawo ba sai Lahadi. Ko ruwa bai sha ba ya zauna ya taɓa wuraren nan uku. Ya ja shafin har ƙasa. Layin da ya fi tsufa na daren Asabar ne. Juma'a ta zube gaba ɗaya. Ya zo ne, bai zo ba, ya daɗe, bai daɗe ba, babu mai gaya masa. A littafinsa ya rubuta kwanan wata, ya bar gabansa fili.

Ran Litinin ya naɗe akwatin a cikin ɗankwalin Inna ya kai wa wani mai gyaran waya a bakin kasuwa.

“Baƙi sun cika min shi. Kore su, ka bar 'yan gida.”

“An gama, Baba. Lamba za mu canza.”

Mai gyaran ya yi 'yan danne-danne, ya sa sabuwar lamba a wayar Kawu, ya rubuta ta a takarda ya miƙa masa, ya ce duk ɗan gida sai a ba shi wannan. Kawu ya ninke takardar ya sa cikin hula. Da ya dawo ya ba Inna, wata maƙwabciya ta sa mata. Bai kawo komai a ransa game da wancan ba. A fahimtarsa akwatin ya san yaron. Ba shi ke rubuta sunansa duk Juma'a ba? Takarda ai ta baƙo ce, wanda za a tambaya ko shi wane ne. Wanda aka sani da suna, wa zai tare shi a ƙofar gidan ubansa?

Juma'a ta zo. Shafin fes, daga Baba sai Inna. Kawu ya ji daɗi, ya zauna da rigarsa. Uku saura kwata ta wuce, uku ta yi, aka kira la'asar. Ya ce wa kansa ruwan da aka yi da safe ne ya ɓata hanya. Juma'a ta biyu ya ce ko ba shi da lafiya. Ta uku, abincin rana ma bai taɓa ba.

Ranar Talata Wasila ta dawo. Ta gaida iyayenta, ta ajiye kaya, ta duba wayarta ta ga ta ƙi hawa.

“Baba, akwatin nan lafiya? Shina ce min lamba ba daidai ba.”

Kawu ya ciro takardar daga hula. “Na sa an kori baƙi. Ga taki.”

Ta karɓa ta duba. Ta dube shi. “Yaushe anka canza?”

“Mako ukku.”

“Baba, Yaya fa? Wa ya ba shi?”

“Shi ai akwatin ya san shi.”

“Bai san kowa ba, Baba.” Ta nuna masa takardar. “Lamba kawai ya sani. Ni ma ga shi ya hana ni. In Yaya ya zo da tsohuwa, haka zai ce mishi, ba daidai ba.”

Kawu ya dubi akwatin, fitilunsa na ta ƙyaftawa kamar kullum.  Can ya ce, “Kira shi.” Tun da aka yi rigimar, ranar ce ta farko da ya ce a kira shi. Ta kira, layin a kashe. Ta sake, a kashe. Sai a lokacin ta tuna da saƙon da ya turo mata tana Wurno, wanda ta ɗauka tafiyar kwana biyu ce irin ta masu bin shanu: “Na tahi kudu. Ki kula da su.”

Kawu ya sa takalmi duka biyu ya tafi gidan Baba Lawwali. A nan ya ji sauran. Gazali ya je wajen Baba Lawwali kwana goma da suka wuce, ya zauna ya ƙi shan ruwa. Ya ce tun da Bafulatanin nan ya ba da shaida yake jiran a aiko a ce an warware rantsuwa, don shi ba zai taka zauren ya sa tsohonsa ya yi saɓo a kan rantsuwar da ya yi da sunan Allah ba. Ya ce akwai inda yake tsayawa ran Juma'a, ya san akwatin na rubuta shi, ai shi ya kafa shi, bai dai sani ba ko ana dubawa. To yanzu ya sani. An duba, an ba shi amsa. Juma'a biyu a jere yana gwadawa, ana ce masa lamba ba daidai ba.

“Ni ban gane zancen akwatin ba, Mode,” in ji Baba Lawwali. “Na ce ya bari in zo in same ka, ya ce in rufa mishi asiri, kada in sa ka faɗi da baki abin da ka riga ka faɗi a aikace. Ya bi tirelar shanu da asuba.”

Kawu ya dawo gida kafin magariba. Ya tsaya a gaban kantar, ya ce wa Wasila, “Kin tuna tsohuwar?” Ta ce ta tuna. Ya ce, “Mayar da ita.” Ta ce samarin lungu za su dawo su cika shafin. Ya ce, “Su dawo. Duk Sakkwato ta hau.”

An yi cigiya iyakar yi. Baba Lawwali ya bi direbobin tirela ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya gan shi a Legas, wani ya ce Ibadan, wani ya rantse Fatakwal ne, wani ya ce ya tsallaka Kwatano. Duk inda aka aika, sai a ce ya tashi wata biyu da suka wuce. Kawu ya bar wa Baba Lawwali teburinsa a ƙarshen shekarar, ya ce hannunsa ya fara rawa. Amma Juma'a bai fasa ba. Ya dawo daga masallaci, ya zauna da rigarsa, ya ja shafin cikin sunayen baƙi yana neman surar kalmomi biyun nan, in aka kira la'asar ya ciro littafi ya rubuta. Ya daina fita ta'aziyya ko suna in ranar ta kusa Juma'a. Wani lokaci da hantsi akan gan shi tsaye a gindin turken wutar, hannu a baya, yana duban tagar zaurensa daga can, kamar mai son ya ga abin da wani ya riƙa gani.

Shekara biyu da wata ɗaya ya yi a haka. Ciwon da ya ɗauke shi bai wuce kwana tara ba. A rana ta bakwai ya kira Wasila ya ba ta littafin da wayarsa, ya ce, “Kada a taɓa lambar.” Ta ce ba za a taɓa ba. Ya rasu ranar Talata da safe, aka yi masa sutura kafin azahar.

Saƙon da aka kasa isarwa shekara biyu, labarin mutuwa ya isar da shi a kwana ɗaya, don mahauta suna da zaurukansu na waya daga nan har bakin teku. Ranar sadakar uku, Juma'a ce, mutane sun ragu an tafi masallaci. Wasila na zaune a bayan labule da wayar Kawu a cinya. Uku saura ta yi, hannunta ya taɓa wuraren nan uku don sabo. A saman shafin, sama da duk baƙin wayoyi, ga shi nan: Ɗan Mode.

Ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta ja mayafi, ta ratsa zaure ta gefen masu zaman makoki, ta yi takin nan ashirin. Yana tsaye a inuwar darbejiya, ya rame ya yi duhu, da jaka a kafaɗa, yana kallon tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi.

“Yaya.”

Bai ɗago ba. “Auta, ta hau. Na taɓa kawai, ta hau.” Ya nuna mata wayar. “Ke kika mayar bayan ya rasu?”

“Shi ya sa na mayar. Shekara biyu ke nan. Bai san canza lamba zai hana ka ba, Yaya. Baƙi ya so ya kora don suna ture mishi sunanka.”

Ta miƙa masa littafin. Gazali na karanta ajami, a gaban Kawu ya koya. Ya buɗe daga tsakiya. Kwanan wata, lokacin hawa, lokacin sauka, a gaba an rubuta “ya zo”. Babu suna ko sau ɗaya. Ya zo, ya zo, ya zo, har talatin da bakwai. Sai layi guda da aka bari fili. Daga nan “bai zo ba”, shafi bayan shafi, rubutun na ƙara karkacewa. Ya koma shafin farko. Layi ɗaya ne a sama, kwanan watansa ya girmi duk sauran: “Yau na ciyar da goma a Hubbare. Rantsuwa ta warware.”

Gazali ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Tun kafin Juma'ar farko da ke cikin littafin ne. Ya jingina da turken, ya zame a hankali har ya tsuguna, littafin a kan fuskarsa. Wasila ta tsaya a kansa tana kare shi daga idon masu wucewa.

Sai da aka kira la'asar ya miƙe. Ya bi ta har bakin zaure, ya tuɓe takalmi, ya tsaya. Tabarmar Kawu na nan a shimfiɗe inda take, da dutsen washi a gefe, ba wanda ya zauna a kanta. Ya yi sallama da murya ƙasa ƙasa yana duban tabarmar. Masu zaman makoki suka amsa. Daga bayan labule Inna Saudatu ma ta amsa, sannan aka ji ƙarar murfin kwano.

Gazali ya karɓi teburin kasuwa daga hannun Baba Lawwali bayan arba'in. Akwatin na nan a kan kantarsa, ɗaya kunnen ya karye an ɗaure da zare. Samarin lungu har yau suna hawa, data ba ta kai rabin wata, kuma ba a canza lambar ba. Wasila ba ta goge sunan “Baba” daga jerin ba. Takan yi wa wayarsa caji ta ajiye ta a zaure. Littafin yana wajenta a cikin akwatin kayanta, kuma duk wanda ya tambaya cikin dangi takan ciro ta nuna masa, ta fara daga shafin farko.